Ranar da Na Sa Mijina Ihu

Mijina Malam Sajo, shekara uku ke nan da wani bijimi ya matse shi da bango a Abbatuwa, ya lalata masa ƙashin baya. Magani ɗaya ke sa shi iya zama, wani na ruwa da ake kullewa a asibiti, ba a bayarwa sai likita ya sa hannu.

Sai aka kawo sabuwar likita, Dakta Chinyelu. Yarinya mai kirki. Ta ce, "Baba, yaya jiki?"

Malam Bafillace ne, ya sha bulalar sharo yana murmushi, shi ne zai yi raki gaban sa'ar 'yar cikinsa? Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ta ji daɗi, ta soke maganin, ta rubuta farasitamol.

Sati biyu yana kwance, yana cizon bakin zanena har ya huda shi. Ko fura ba ta wucewa. Na koma asibiti ni kaɗai, likitar ta ce maganin nan mai ƙarfi ne, ba ta rubutawa sai ta ga ciwon da idonta, wasu sayarwa suke.

Na ɗauko shi a tasi. A hanya na ce, "Malam, don Allah yau ka yi nishi. Ko ɗaya."

"Gaban mace?"

"Ni da nake ji kullum, namiji ce?"

Ya juya kai.

Muka shiga. Ta tambaya. Na ga bakinsa ya fara haɗa "da sauƙi". Ni ke shafa masa mai a bayan nan, na san wajen kamar tafin hannuna. Na yi kamar zan gyara masa riga, na kafa babban yatsa, na danna da duk ƙarfina.

Ihun da ya yi, har masu jira a waje suka miƙe. Shekara arba'in muna tare ban taɓa jin wannan murya ba. Nan take likita ta rubuta takardar.

Yanzu yana zama, yana cin tuwo. Amma in na zo shafa mai sai ya ja riga ya rufe bayansa, bai ƙara kallona ba. Kwalbar ta wata ɗaya ce, ta kusa rabi. Ban san da me zan sa shi ihu wata mai zuwa ba.