Hoton Saige

Rashida ta fi minti biyar tana kallon saniyar da ke fuskar kwamfuta. Fara ce mai dogon ƙaho, an ɗauke ta hoto a tsaye a wata kasuwa. A gefen hoton akwai tambayoyi huɗu da ake jiran ta amsa: wace iri ce, shekarunta nawa, tana da ciki ko babu, akwai alamar ciwo ko lafiyarta lau. Rashida ta ciji leɓe, ta zaɓi shekara uku, ta zaɓi lafiya lau.

"Shida," aka ce daga bayanta. "Kuma ba ta da lafiya."

Ta waiga. Mahaifinta ne, Malam Jafaru, tsaye da buta a hannu zai je alwalar azahar. Tun safe ba ta ji muryarsa ba sai yanzu.

"Baffa, yaya aka yi ka gane?"

"Ki dubi gindin ƙahonta. Kowace haihuwa tana barin zobe ɗaya, ga uku nan, ki ƙara da shekara ukun da take yi kafin ta fara haihuwa. Ki dubi gashin bayanta yadda ya tashi, ga ido ya faɗa. Ciwon sammore ke cin ta."

Bai jira ta ce komai ba, ya wuce abinsa.

Shekara biyu ke nan da suka baro rugarsu da ke yamma da Safana. Ɓarayin daji ne suka zo da rana tsaka suka kora garken gaba ɗaya, ko maraƙi ba su bari ba. Allah ya tsare rayuka, iyalin suka dawo Batsari suka kama hayar ɗakuna biyu a bayan kasuwa. Tun daga nan Malam Jafaru ya zama mutumin tabarma. Daga zaure sai masallaci, daga masallaci sai zaure. Ranar kasuwa, idan zai fita, yakan zaga ta wata hanya don kada ya bi ta kara, inda ake cinikin shanu. Matarsa Inno, wadda ta shekara arba'in tana tatsa da hannunta, yanzu sai ta sayi nono a wurin wasu ta dama fura ta sayar a ƙofar gida.

Rashida ita ce autarsu. Ta gama kwalejin ilimi tana jiran aikin koyarwa da ya ƙi fitowa, sai wata ƙawarta ta haɗa ta da wani kamfani da ke gina ƙirƙirarriyar basira don masu dabbobi. So suke a kai matsayin da mutum zai ɗauki hoton saniya da waya, manhaja ta faɗa masa shekarunta da lafiyarta. Amma kafin na'ura ta iya, sai mutane sun koya mata da dubban hotuna, ɗaya bayan ɗaya. A takardar neman aikin Rashida ta rubuta cewa ita 'yar makiyaya ce. Ba ƙarya ta yi ba, sai dai a makarantar kwana ta tashi, ba a bayan shanu ba. Makon jiya Malam Sada, mai duba aikinsu daga Katsina, ya kira ta ya ce a cikin kowace amsa goma tata huɗu kuskure ne. In wata ya ƙare ba ta gyara ba, za a karɓi kwamfutar a ba wani.

Da mahaifinta ya dawo daga masallaci, sai ya tarar da ita a zaure, ta durƙusa a gefen tabarmarsa da kwamfutar a cinya.

"Auta, ɗauke wannan abin daga nan. Ni na gama da shanu."

"Guda ɗaya kawai, Baffa. Wannan ta ƙi mini."

Ya kawar da kai. Ita kuwa ba ta tashi ba. Can ya saci kallo ta gefen ido, ya ƙara kallo, sai ya yi tsaki.

"Ai wannan ba saniya ba ce ma, karsana ce, ba ta taɓa haihuwa ba. Me suka koya muku a makarantar?"

Kafin la'asar sun yi hoto tamanin.

Daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Da safe Rashida takan karɓo kwamfutar daga shagon mai sola inda ake yi mata caji, ta shimfiɗa buhu a zaure ta ɗora ta. Malam Jafaru yakan gyara zama, ya jawo tsohuwar sandarsa ya ajiye a gefe, ko da yake babu abin da zai kora. Ba ya amsa tambaya kawai, har faɗa yake yi wa masu shanun da bai taɓa gani ba.

"Wane marar tausayi ne ya ɗaure maraƙi haka? Dubi wuyansa!"

"Baffa, ba ya jin ka."

"To ki rubuta masa."

Inno ta lura kwanon tuwonsa ya fara dawowa babu saura. Sai ta ƙara masa malmala ɗaya. Wata rana ta leƙo zauren ta same shi yana kwaikwayon yadda saniya mai ciwon huhu ke miƙa wuya, Rashida tana dariya har da hawaye.

"Malam, ashe kiwo ka koma ban sani ba? Da ka faɗa mini ai da na ba ka gorar ruwa."

"Ke dai je ki ga furarki," ya ce, yana ɓoye murmushi a gemu.

Wata safiya, suna jiran hoto ya buɗe saboda rashin ƙarfin sabis, ya tambaye ta: "Wai ita wannan abar da muke koya wa, a ina take zaune?"

"Ba ta zaune a wuri ɗaya, Baffa. Duk mai waya zai iya tambayarta."

"In ta iya, dillalan kara fa?"

"Masu ƙarya za su sha wuya. Masu gaskiyar ma wasu ba za a neme su ba."

"Mu fa?"

"Mu ma, ranar da ta gama koyo, aikinmu ya ƙare."

Ya shafa gemu. "Yayyenki ma haka suka yi. Na koya musu kiwo, suka iya, suka tafi Kudu abinsu. Ba a fasa koyarwa don haka. Ga shi ya buɗe, matso da shi."

A mako na uku, ranar Talata da hantsi, hoto ya fito na wata jar saniya mai farin goshi. Rashida ta ɗora yatsa tana jiran ya fara magana kamar kullum. Ta ɗago kai ta ga ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Ƙara girmanta. Wajen kunnen hagu."

Ta ƙara. Kunnen yana da tsaga biyu, ɗaya doguwa ɗaya gajera.

"Kira mini uwarki."

Inno ta shigo tana goge hannu da gefen zane, tana mitar an taso ta daga kan aiki. Tana ganin hoton sai mitar ta tsaya. Ta zauna a ƙasa ba tare da ta nemi tabarma ba.

"Saige," ta ce a hankali. "Wallahi Saige ce."

Rashida ta san sunan. Duk hutun da ta zo ruga, nonon Saige ake ɗebar mata, don ya fi na sauran maiƙo. Malam Jafaru da hannunsa ya yi wa kunnen nan tsaga, ranar da aka haife ta a ƙarƙashin wata tsamiya.

"Ina ne nan?" Muryarsa ta canza. "Wace kasuwa ce? Auta, duba, ai sun rubuta."

Babu abin da aka rubuta sai lamba. A bayan saniyar babu komai sai ƙasa da turke da ƙafafun mutane. Aikin ya yarda a jingine hoto na kwana uku kafin a amsa, don haka Rashida ta jingine shi, ta kira Malam Sada. Ba ta da yadda za ta yi bayanin ba tare da ta faɗi gaskiya ba, sai ta faɗa masa duka: ba ita ke gane shanun ba, mahaifinta ne.

Malam Sada ya yi dariya a wayar. "Dama na ce akwai magana. Wadda ke ƙasan kowa ta dawo saman kowa cikin mako biyu? Ba ni Baba mu gaisa."

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da gajiya, ya jajanta masa abin da ya faru. Sannan ya ce zai bincika, amma kada su sa rai da yawa, domin ana goge sunan wuri daga hotunan tun kafin su iso hannunsa.

Kwana biyun nan ba a yi aiki ba. Malam Jafaru yakan ce a buɗe masa hoton, ya zauna yana kallo har cajin ya ƙare. Ranar farko ya yi ta lissafa kasuwannin da zai bi, yana cewa ko a ƙafa ne zai je. Inno ta ce in ya same ta a hannun wanda ya saya da halalinsa, me zai ce masa? Daren nan tuwonsa ya dawo kamar yadda aka kai shi.

Ranar Alhamis da safe Malam Sada ya kira. Hoton yana cikin waɗanda aka tattaro daga kasuwanni da yawa a jihohi huɗu, wata takwas da suka wuce. Wanda ya ɗauka ma ba a san ko wane ne ba. Malam Sada ya ba da haƙuri sosai. Kafin ya ajiye waya ya ƙara da cewa suna neman wanda zai riƙa raba gardama idan na'ura ta faɗi abu mutum ya faɗi wani, kuma yana son ya sa sunan Malam Jafaru, shi da kansa, Rashida ta ci gaba da nata.

"Zan yi shawara," in ji Malam Jafaru.

"Ya yarda," in ji Inno daga bakin ƙofa, da ƙarfi yadda za a ji a Katsina.

Aka ajiye wayar. Wata takwas. Rashida ta san abin da ke ran kowa, ba wanda ya so ya ambaci mahauta. Ta buɗe hoton, don yau ne wa'adinsa zai cika.

Malam Jafaru ya matso. Wannan karon bai kalle ta kamar mai neman hanya ba, ya kalle ta yadda yake kallon sauran, daga ƙaho zuwa kofato.

"Ba ta rame ba," ya ce. "Dubi tozonta. Dubi igiyar, an naɗe ta da tsumma don kada ta ci mata wuya. Wanda ya kawo ta kasuwar nan ba ɓarawon ba ne, ta riga ta sauya hannu. Ɓarawo ba ya naɗa tsumma." Ya nuna cikinta da ɗan yatsa. "Inno, zo ki gani. Me kika gani a nan?"

Inno ta sunkuya ta daɗe. "Ciki ne. Ya kai wata biyar."

"Ba mai sayen saniya da cikin wata biyar ya kai ta mahauta. Mai kiwo ne ya saye ta." Ya ƙirga da yatsunsa. "Ta haihu da farkon damina. Yanzu ɗan ya fara cin ciyawa."

Inno ta share ido da gefen mayafi. "Allah sa mace ta haifa."

Rashida ta ɗauko wayarta a hankali ta saita ta a kan fuskar kwamfutar. Da zarar ta tura amsa hoton zai tafi, ba zai dawo ba.

"Ba kin ce kin sa hannu ba za ki kwafi hotunansu ba?" in ji Malam Jafaru.

"Na sa, Baffa. Amma ba wanda zai sani."

"Ajiye. Ni da na karɓi haihuwarta ba sai da hoto ba."

Ta ajiye. Suka amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya: Rahaji ce, shekara bakwai, tana da ciki, lafiyarta lau. A ƙasa akwai wani ɗan fili da aka rubuta wa "ƙarin bayani", wanda ba su taɓa cikewa ba.

"Nan fa, me ake sawa?"

"Duk abin da mutum ya ga dama."

"To rubuta. Sunanta Saige. Ba ta yarda a tatse ta sai ɗanta yana gabanta tana lasarsa."

"Kuma ta dama ake zauna mata," in ji Inno. "In aka zauna ta hagu sai ta yi harbi."

"Rubuta wannan ma. Tana son kanwa. In ta ji tsawa takan bar garke ta nemi mutum, kada a doke ta, tsoro ne."

Rashida ta rubuta duka. Da ta gama ta ce, cikin taushin murya, "Baffa, ka san mai ita ba zai ga wannan ba. Na'ura ce kawai za ta karanta."

"Ba kin ce duk mai waya zai iya tambayarta ba?"

"Haka ne."

"To ta riƙe. Wata rana zai tambaya."

Rashida ba ta yi masa gardama ba. Ta dube shi, ya gyaɗa kai, ta danna. Jar saniyar ta ɓace, fuskar kwamfutar ta yi fari na ɗan lokaci. Daga waje wata yarinya ta yi sallama tana tambaya ko akwai fura, Inno ta miƙe tana cewa ga ta nan zuwa.

Sabon hoto ya buɗe: wani baƙin bijimi, ciwon kirci ya cinye masa rabin fatar baya.

Malam Jafaru ya ja dogon numfashi, ya goge fuska da tafin hannu, ya gyara zama.

"Kai, wannan bawan Allah ya sha wuya," ya ce. "Matso da shi in gani."