Kanula a Hannun Umair

"Umma, Anti Hauwa ce ta zuba wa Umair ƙwari a jini?"

Bahijja ta yi tambayar nan a gaban Hauwa, ga ta tsaye da kular tuwon da ta kawo mana asibiti. Na galla wa Bahijja harara. 'Yar shekara huɗu ce, ta ji likita na cewa ƙwayar cuta ta shiga jinin ƙaninta. Hauwa ta ajiye kular a hankali, ta ce, "Ƙyale ta, Maman Bahijja. Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan."

Hauwa maƙwabciyata ce a Madabo. Ta koyi aikin lafiya, duk lungunmu ita ke yi wa allura. Da limoniya ta kama Umair, asibiti babu gado, sai suka saka masa kanula a bayan hannu, 'yar robar nan da ake tura magani ta cikinta. Muka yi yadda kowa ke yi a unguwa: muka karɓo alluran, Hauwa ta ƙarasa a gida. Da suka ƙare, Hajiya kakarsa ta ce a bar robar tukuna, kada tarin ya dawo a sake huda yaro. Duk mun ga yadda aka sha neman jijiyarsa yana tsala ihu. In zan yi masa wanka sai in ɗaure hannun da leda.

Filasta ta yi baƙi, hannu ya kumbura. Sai zazzaɓi, sai ya daina kama nono. Muka koma asibiti, aka kwantar da shi.

Likitar, wata dattijuwa, ta ce ta daɗe a ɗakin yaran nan. A da, maganin farko ke kashe wannan ƙwaya. Yanzu an ba Umair kala biyu, ko gezau. Na tambaye ta a ina ya ɗauko, gida ko asibiti? Ta ce ƙwayar tana nan tana can, ba za ta iya rantsuwa ba.

Jiya aka fara na uku. Bayansa, ta ce, ba su da wani. Ina zaune ina kallon ƙirjinsa yana hawa da sauka, ko kuka ba ya yi, ina shafa masa kai ina addu'a. Iyakar abin da ke hannuna ke nan.

'Yar'uwa, in an gama allura kuma roba tana hannun ɗanki, tashi yanzu a je a cire. Gara kukan sabuwar huda da wannan shirun.