Ƙotar Bindigar Ɗanmaliki

Raihanatu tana tankaɗe a gidansu na Tambuwal sai Dikko, abokin farautar mijinta, ya yi sallama daga zaure. Da ta leƙo ta gan shi riƙe da bindiga biyu, ta ajiye rariya. Maciji ne ya sari mijin nata Ɗanmaliki a gonakin Fakku, kafin a kai shi asibitin Kebbe rai ya yi halinsa.

Ɗanmaliki maharbi ne, manoma ke kiransa idan gadu ya dami rogonsu. Shekarun baya ya faɗi a babur, kafaɗarsa ta dama ta karye. Ta warke, amma ta sauka ƙasa. Daga nan harbinsa ya lalace. Maharba suka sa shi gaba.

"Ɗanmaliki, gadu na gaishe ka," in ji Dikko. "Ya ce ka riƙa zuwa, ƙarar na kore mai sauro."

Manoma suka daina aikowa. Ya fara maganar rataye bindiga ya koma sayar da goro.

Wata safiya yana gwada saiti a tsakar gida, Raihanatu ta tsaya tana kallo.

"Maigida, wuya kaka miƙawa awa zakara. Da can ba haka kaka yi ba."

"Ke mi kis sani ga bindiga?"

"Ban san bindiga ba. Kai nis sani."

Ƙotar ce ba ta zauna masa kuma. Sai dai a gidan maharba mace ba ta taɓa bindiga, ana cewa laƙaninta karyewa yake. Don haka ta ɗauko kwallinta ta shafa masa a kunci da kafaɗa, ta ce ya rufe ido ya ɗaga yadda jikinsa ke so. Inda baƙi ya fito a itacen, nan ya sassaƙe. Inda bai taɓa ba, ta ɗinka matashin fata da audugar rimi, ya ɗaura da kansa. Suka yi ta yi, tana shafawa yana kankarewa, har ranar da ya buɗe ido ya ga bakin bindiga daidai inda yake kallo.

Fitarsa ta gaba ya kayar da gadun da ya gagari kowa a Fakku. Ya dawo ya tsaya a zaure cike da maza, ya ce, "Wagga ƙota mai ɗakina uwar Nasiha ta gyara ta, ba ta ko taɓa ta ba."

Bayan sadakar bakwai maharba suka gwada bindigar ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ta zauna wa. Dikko ya rataye ta a ɗakin mamacin, ya ce, "Tashi ce shi ɗai."

Ginin ƙasa ne, gara na hawa. Kullum da safe Raihanatu takan shiga da tsinken tsintsiya ta kankare hanyar gara daga bango, kada ta kai ga itacen.