Saƙon Hajiya Lami Ya Kwana a Holan

Duk College Park babu wanda bai san bakin Zulkifilu ba. Injiniya ya zo karantawa, amma in ya fara zuba sai ka rantse digirin surutu yake nema. To yau dai bakin ya ƙi tashi. Yana zaune a gaban tasin Abdul-Gafaru, an faka a gefen wani titi a unguwar Northwest, yana ta kakari kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa.

"Ik ben mijn tas... fargetan."

"Chale, ba fargetan ba! Vergeten, wato mantawa. Daga maƙogoro. Yi kaman za ka jawo kaki."

"Ɗan Kumasi, wannan yare ne ko mura?"

Abdul-Gafaru Baganiye ne, ya yi shekaru yana wanke-wanke a gidajen abinci a Amsterdam kafin ya tsallako Amurka, shi ya sa Zulkifilu ya maƙale masa ya koya masa Holanci. Abin da ya faru kuwa, a hanyar Zulkifilu ta dawowa daga Kano dusar ƙanƙara ta tsare jirginsu a Holan, aka kwashi fasinjoji zuwa wani ɗan masauki a ƙauye. Da safe mota ta yi ham, gogan naka ya suri akwatinsa ya fice, ya bar wata 'yar Ghana-mas-go a ƙarƙashin gado. Ita kuma ba tasa ba ce. Saƙo ne daga Inna Atine zuwa ga ƙanwarta Hajiya Lami ta garin Clinton, matar da ta sauke shi a gidanta lokacin da ya zo ƙasar ko hawa jirgin ƙasan Metro bai iya ba. 'Yarta Najiba ta haihu, suna ranar Asabar. Duk sanda Hajiya ta bugo sai ya ce, "Mama, yana nan tafe," ya kawo wani labarin.

Ya riga ya buga masaukin da Turanci. Wata tsohuwa ce ta ɗauka, ta saurare shi tsaf, ta yi wasu maganganu, ta ajiye. Abdul-Gafaru ya ce watakila mai jin Turancin gidan ba ya nan.

"To ka yi mata magana da kanka mana, massa."

"Ni? Ni na manta da jaka? In ta tambaye sunan wanda ya kwana, in ce Gafaru? Waɗannan mutane ba su son kwana-kwana. Maimaita. Heeft u een tas gevonden? Wato, kin tsinci jaka?"

Haka suka wuni. Fasinja ya shiga, Zulkifilu ya koma mutumin kirki, fasinja ya fita, a dawo kan kaki. Ya koyi ja, rood. Ya koyi shuɗi, blauw. Ya koyi ƙarƙashin gado, onder het bed, wanda ya ce shi kaɗai ne ya yi kama da maganar mutane. Da ya ga ya haddace, sai ya kankare katin waya, ya danna lambobin nan masu tsawon layin mai, ya gyara murya.

"Ik ben mijn tas vergeten!"

Tsohuwa ta yi wata 'yar ƙara ta murna. Zulkifilu ya kashe wa Abdul-Gafaru ido, ya ɗora da ja da shuɗi da ƙarƙashin gado, har da girgiza kafaɗa. Sai ta jero magana mai tsawo, ta rufe da, "Wat zit erin?"

Ya rufe bakin waya da tafinsa. "Me ta ce?"

Abdul-Gafaru, da ya manna kunne, ya ce, "Ta ce irin jakar nan guda uku mutanenku suka bar mata, duk kala ɗaya, ba suna. Ba za ta buɗe kayan mutane haka kawai ba. Mene ne a cikin taka?"

Zulkifilu ya sosa ƙeya.

"Chale, mene ne a ciki?"

"Ina na sani! Saƙo ne fa. Wa yake buɗe saƙon mutane? A ɗinke aka ba ni, da zaren buhu."

"To ce mata ik weet het niet. Ban sani ba."

Zulkifilu ya ce mata haka. Tsohuwa ta ɗauke shi kamar ɓarawon da ya zo karɓar takalmi a masallaci bai san lambarsa ba. Ta yi sallama cikin ladabi ta ajiye.

Abdul-Gafaru ya kwanta a kan sitiyari yana dariya har ham ya yi ƙara. Zulkifilu ko murmushi bai yi ba. Ya fasa maƙogoro a banza, kuma amsar da ake nema tana Clinton, a bakin wadda yake gudu.

Washegari ya isa gidan, Abdul-Gafaru na biye don kada ya rasa kallo. Ya durƙusa ya gaishe da Hajiya, ya yi barka, ya tambayi mai jego da jinjira, sannan ya ɗauko dabara.

"Mama, Inna Atine akwai ƙoƙari. Jakar nan da nauyi! Ko me ta zuba haka?"

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau. "Kai da ka ɗauko kake tambayata? Zulkifilu, ina saƙona?"

Dabara ta ƙare a nan. Ya sunkuyar da kai ya faɗa. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Kuma ka bar ni ina ta ce wa mai jego gobe." Ta ɗauki waya ta buga Kano, ta sa a sifika. Kafin Inna Atine ta gama salati, ana jin muryoyin matan gidan suna tambayar wane ne, ana ce musu ɗan gidan Malam Maitama ne, wanda ke Amurka.

Yajin jego ne a ciki, dakan hannu, da daddawa da kanwar kunu.

"Yaya ake cewa daddawa da Holanci?" in ji Zulkifilu.

"Babu," in ji Abdul-Gafaru. "Ko sun ji warinta ba za su sa mata suna ba. Ce peper kawai. Barkono."

Ya sake bugawa, Hajiya na tsaye a kansa. Ya ce peper, ya ƙara cewa peper. Aka ji takun tsohuwa, aka ji ƙarar almakashi, shiru. Sai atishawa. Wata ta biyo, wata ta sake biyowa, har Najiba ta leƙo daga ɗaki da jinjira a kafaɗa.

"Alhamdulillahi," in ji Hajiya. "Hannun Yaya Atine ne."

Tsohuwa ta yi magana tana jan hanci, Abdul-Gafaru ya fassara: za ta aiko ta gidan waya, amma kada su sa rai kafin makon jibi.

Zulkifilu ya yi ƙoƙarin farfaɗo da baki. "Mama, ai ko bayan suna ana cin yaji..."

"Ana ci. Amma ranar Asabar mata za su cika gidan nan, kuma ba za a ce jikata ta zo babu yaji ba." Ta nuna ƙofar gareji. "Akwai turmi a can, bayan injin yankan ciyawa. Citta da barkono da masoro suna kicin. Cire wannan rigar."

"Mama, ina da aji da yamma."

"Ka ce musu ka manta."

Abdul-Gafaru ya jawo kujera ya zauna nesa da ƙofar gareji, inda iska ba ta bi. Zulkifilu ya ɗaga taɓarya, ya sauke, hawaye suka fara zuba.