Zane Biyu a Bindigar Genzo

Tokie ta turo ƙofar maƙerar da ƙafa, kwanon miyar miso a hannu, sai ta tarar da Baba Kihachi, tsohon maƙerin bindiga, rataye a jikin doguwar sifana, yana haki, sifanar ko gezau.

"Baba! Motar asibiti na hanya, kai kana nan kana lilo?"

"Ajiye miyar, ki rufe min baki," in ji shi. "Ba inda za ni sai ta ɗauru."

Bindigar mijinta ce, Genzo. Aladun daji sun addabi gonakin shinkafa, maharba za su hau dutse, Genzo kuwa shi ake sawa gaba. Tsohon ya sauya mata bututu, ya matse shi tsakanin katako biyu da ya barbaɗa wa garin ƙaro don kada ya sulluɓe. Saura a murɗa uwar bindigar, inda bututun ke shiga, ta zauna daram. To fa, ƙarfin ne babu. Ciwo ya cinye hannun nan da duk ƙauyen ya sani.

"A kai ta birni mana, Baba."

"Birni? Su matse ta kamar murfin kwalba? In ta yi sako-sako, fuskar mijinki za ta tashi. Mummuna ne, na sani, amma ai kin saba da ita."

Ta yi dariya.

Ya nuna mata zane biyu, sirara kamar gashi, ɗaya a bututu, ɗaya a uwar. "Sai sun haɗu. Ba kusa ba, ba wucewa. Kama nan. Kada ki fizga, jingina kawai, kamar kina danna dutse a kan kabejin da aka tsima."

Tokie ta tattare hannun riga ta jingina. Shi kuma ya rufe ido, ya ɗora babban yatsa a kan zanen, don idon ya daina gani sosai.

"Ƙara. Wai ina shinkafar da kike ci take tafiya? Ƙara kaɗan. Tsaya!"

Ta saki. Ya daɗe yana shafa wurin da farce. Layi ɗaya ne tak.

"Yawwa," ya ce a hankali. "Miƙo miyar."

Ya shanye ta tas, har da cewa gishiri ya yi yawa. Da motar ta zo, da ƙafarsa ya shiga.

Bai dawo ba. Ran da aka kawo tokar gawarsa, bayan an ƙone ta bisa al'adarsu, ran nan ne Genzo ya sauko daga dutse lafiya lau, da cinyar alade a kafaɗa, bai ma ji labari ba sai a bakin gada.

Da yamma Tokie ta shiga share maƙerar. Katako biyun suna nan a kan teburi, da shatin babban yatsa a cikin garin ƙaron. Ta share ko'ina, ta kewaye wurin, ta ja ƙofa.