Ɗago Kanki, Laure

A wani ƙauye kusa da Gagarawa, a shekarar da ta biyo bayan annobar sanƙarau, akwai wata tsohuwa da ake kira Goggo Sabuwa, mai koya wa ƙananan yara karatun allo a tsakar gidanta. Yara goma sha ɗaya ne, kuma ba ta haɗa su ta biya musu gaba ɗaya. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Sai ta kira yaro ya durƙusa gabanta ta biya masa nasa, in ya riƙe ya je ya wanke allon, a rubuta masa na gaba. Faɗa kam akwai shi a bakin Goggo, amma bulalarta na rataye a jikin danga har gara ta cinye ta.

A cikin yaran babu wadda ke tsaya mata a rai kamar Laure, 'yar shekara takwas. Kafin ciwo, biyawa biyu ta ishe ta. Sanƙarau ya zo ya ɗauke uwarta, ita kuma ya bar ta da nauyin kunne. Tun daga nan wata bakwai cur tana kan 'yar sura guda mai layi huɗu, allonta bai ga ruwa ba.

Ba wai Goggo ba ta yi ƙoƙari ba. Takan matso ta kafa baki a kunnen yarinyar, ta ɗaga murya har kaji su watse. Laure kuwa tana durƙushe, kai a sunkuye, ido a ƙasa, yadda ake koya wa kowace 'yar mutunci ta zauna gaban babba. Sai ta maimaita wani abu daban, yara su ƙunshe dariya.

Wata safiya Lado, uban Laure, ya yi sallama. Mutum ne mai kai gero Maigatari a kan jakuna, magana ba ta dame shi ba. Ya gaida Goggo, ya daɗe yana wasa da tsinke a ƙasa, sannan ya ce, "Goggo, ina ganin ciwon nan ba kunne kaɗai ya taɓa ba. Ana yi mata dariya, ni kuma abin na ci mini rai. Gara ta zauna a gida."

"Ta zauna da me?" in ji Goggo. "In ta girma, da me za ta tsaya gaban Ubangijinta?"

Da ƙyar ta samu ya yarda a bar yarinyar har ya je ya dawo, kwana goma sha biyu. In allon bai wanku ba, shi ke nan.

Kwana uku suka wuce a banza. A na huɗu, da hantsi, Goggo ta jingina da rumbu ta lumshe ido don gajiya, amma ba barci take ba, tana kallonsu ta ƙasan ido. Sai ta ga Kande, wata ja'irar yarinya mai bakin tsiya, ta taɓa Laure da ƙafa. Da Laure ta ɗago, Kande ta motsa leɓe ba tare da ko ɗan sauti ba: Goggo na gyangyaɗi. Laure ta dubi Goggo, ta toshe baki tana dariya.

Yarinyar da ake yi wa ihu a kunne ba ta ji ba, ita ce ta gane maganar da ba a ma furta ba! Ashe bakin mutum take kallo. Ita kuwa Goggo wata bakwai tana ɓoye mata baki a gefen kunne, in yarinyar ta ɗan ɗago ma sai ta danna mata kai ta ce ta dubi allonta. Kunya ta kama tsohuwa, ta ji kamar ta yi kuka.

Ta bar sauran suna ta karatunsu, ta ja Laure bayan rumbu. Ta zauna inda rana ke haska mata fuska, ta tofar da goron da ke bakinta, ta sa yatsa ta ɗago haɓar yarinyar. Laure ta runtse ido. Ina ita ina kallon ƙwayar idon Goggo? Goggo ta yi lallashi, ta yi harara, duk a banza. Daga ƙarshe ta wage baki ta nuna mata haƙoranta huɗu da suka rage, ta murguɗa hanci. Laure ta leƙo da ido ɗaya, dariya ta kufce mata, daga nan kuwa ba ta sake sunkuyawa ba.

Haka suka yi ta yi kullum, su biyu. Kalma ɗaya, a hankali, a sake. Harafin da ke fitowa daga maƙogwaro ba a ganinsa a leɓe, don haka Goggo takan ɗora yatsun Laure a wuyanta ta ji motsinsa, sannan ta mayar da su a nata wuyan. Goro kuwa Goggo ta haƙura da shi sai bayan an tashi, ita da ba ta iya gaisuwar safe sai da shi a kumatu.

Ran da Lado ya dawo, ko ƙurar hanya bai kakkaɓe ba ya zo. Laure na ganinsa ta durƙusa ta sunkuyar da kai. Goggo ta taɓa kafaɗarta, ta nuna allon. Yarinya ta karanta layi huɗun nan tsaf. Muryar ta ɗan yi sama fiye da kima, amma ko wasali ɗaya bai kauce ba. Goggo ta ce wa Kande ta kawo ruwa a ƙwarya a wanke allon.

Lado na tsaye, idonsa ya yi ja. Ya dubi gefe ya ce, "Allah ya yi albarka." Laure ba ta motsa ba.

"Ba ta ji ka ba," in ji Goggo. "Wata bakwai ba ta ji komai daga bakinka ba. Tsuguna ta ga fuskarka."

Abu ne mai nauyi a gare shi, don Laure 'yar fari ce, ko sunanta bai taɓa kamawa ba saboda kara. Ya dubi yara, ya dubi Goggo, Goggo ta zuba masa ido. Sai ya tattare riga ya tsuguna, ya ɗago haɓar 'yarsa. Ya faɗa a hankali, yadda leɓensa za su nuna.

Laure ta kafa wa bakinsa ido har ya gama. Ta ce, "Baba, sake faɗa."

Ya sake faɗa mata.