Gashin Bakin Direba

Kunnen mai aski ya fara tafiya ne a hankali, kamar baƙon da ba ya son rakiya. Ƙarar injin aski ce ta fara raguwa, har ya yaba wa injin. Daga baya muryoyin mutane suka bi sahu. Shekararsa saba'in da ɗaya, kuma ya ƙudure a ransa ba wanda zai sani, don ya ga yadda ake yi wa mai nauyin kunne: a ɗaga masa murya sau biyu, a na uku a ce "bar shi kawai," a juya ga wani.

Allah ya taimake shi da madubi. Mutum yana kan kujera, ƙyalle ɗaure a wuya, shi kuma yana tsaye a baya ya zuba wa leɓensa ido ta cikin madubin. Rabin magana ya tsinta a leɓe, rabi ya kintata, abin da ya kuɓuce ya cike gurbinsa da "ai kuwa." Wata da watanni ba wanda ya ɗago shi.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, wani tsohon direban babbar mota, amininsa na shekara arba'in, wanda yake zuwa gyaran fuska duk Asabar. Direba yana da gashin baki, kai, tsintsiya ce guda, ta rufe leɓen sama ta leƙo na ƙasa. Yana ji da ita, har ɗan mataji ya ware mata a aljihu. In yana magana ba abin da mai aski yake gani sai gashi yana rawa. Ga shi duk duniya ba hirar da yake so kamar ta Direba. Sai mutumin ya gama labari ya ƙyalƙyale da dariya, shi ma ya taya shi, alhali bai san abin da ake yi wa dariyar ba. Wannan abu yana cin ransa ƙwarai.

Sai ya fara sata. Duk Asabar, in almakashi ya zo wucewa, ya ɗan tsakuri gashin daga ƙasa. Kaɗan dai, ba yawa. A mako na shida har ya fara hango gefen leɓe, ranar nan da fara'a ya koma gida.

A Asabar ta bakwai, almakashi na matsowa Direba ya cafke masa hannu. Ya ɗage gashin bakin da yatsa don ya nuna ɓarnar da aka yi masa, sai ga leɓe a fili, magana ta fito tar a madubi.

"Malam, me gashin bakina ya tsare maka? Mai ɗakina ta ce kullum raguwa yake, na ƙaryata ta, ashe ɓera a shagonka yake."

Mai aski ya so ya ce kuskure ne, amma yau da ya ga maganar amininsa, ƙarya ta ƙi fitowa. Ya ajiye almakashin.

"Ba na ji ne, Direba. An kusa shekara. Leɓen mutane nake karantawa, naka kuwa ka saya masa labule."

Direba ya saki baki, yatsa na riƙe da gashin.

"Kana nufin duk labaran nan da nake zubawa?"

"Ko ɗaya."

"Har na tayar da ta fashe mini a kan gada? Ka yi ta dariya."

"Na ga kana yi ne."

Direba ya saki gashin. Ya ciro ɗan matajinsa ya taje gashin a hankali, dama da hagu, yana kallon kansa. Mai aski ya ɗauka ya san abin da zai biyo baya. Shi ke nan, yanzu za a fara ɗaga masa murya, daga nan sai a daina zuwa.

Direba ya mayar da matajin aljihu, ya gyara zama, ya sake ɗage gashin.

"Ɗauko reza. Kwashe shi duka."

"Haba, Direba. Tun kana saurayi fa..."

"Ka kwashe na ce. Da shi zan yi hira ko da kai?"

Mai aski ya shafa kumfa. Da ya gama ya goge, sai ga wani leɓe fari fat wanda rana ba ta san da zamansa ba. Suka dubi madubi tare, dariya ta ƙwace musu har da hawaye.

Direba ya share ido, ya fuskanci madubin sosai.

"To, dube ni nan da kyau. Ina cikin gangarowa ke nan daga kan gadar..."